Shekarar da Na Tayar da Tungar Barau

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa kakanku Malam Sani ya sayar da Tungar Barau. Wasu a gabanku suka faɗa, wasu sai kun ba da baya. Ina tuna ranar da Bashir ya dawo daga makaranta leɓensa a fashe, na tambaye shi abin da ya haɗa shi faɗa, ya ƙi gaya mini, ni kuma ban matsa ba domin na riga na sani. Na daɗe ina cewa zan zaunar da ku in warware muku, kullum sai in ga gobe ta fi. Yanzu goben da ta rage mini ba ta da yawa. Kakanku bai sayar da komai ba, ko ƙwayar dawa bai karɓa daga hannun kowa ba. Ni na tayar da Tungar Barau, kuma ga yadda aka yi.

Barau kakana ne. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya iso bakin babban kogin nan da muke kira Bahar, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya ƙara guzuri. A nan aka binne shi da furfura. Da na yi wayo tungar ba ta kai gida hamsin ba, tana kan wani tudu da iskar ruwa ke bugawa rani da damina, ga tsamiya babba a ƙofar masallaci. Idan Bahar ya janye bayan damina yakan bar mana laka mai taushi a gaɓa, wadda muke kira jaraf, mu shuka albasa da tumatir da kuɓewa da masara. Mata ba sa tafiyar ɗibar ruwa, gangarawa kawai suke yi. Baba, wato Malam Sani, shi ne shehun tungar, shi ke raba jaraf, shi ke sasanta ma'aurata, kuma ban taɓa jin ya yanke magana wani ya tayar ba. Takardar fili kuwa babu mai ita, babu ma wanda ya taɓa tunanin ana yi wa wurin da aka binne kakanka takarda.

Sai aka zo gina hazan, babbar madatsar ruwan nan, aka soma kafa Damazin a kudu da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba. Da farko alheri muka gani. Turawa da ma'aikata daga kowace kusurwa suna neman kayan miya, jakunanmu suna tafiya da kaya suna dawowa wayam kafin hantsi. Ni a lokacin na kusa talatin, na auri mahaifiyarku Hauwa, muna da 'yarmu ta fari, Safiya, wadda ba ku sani ba. Na ɗan taɓa makaranta a Rusairis, ina karanta Larabci ina rubutawa, da haka na samu aiki a ofishin awon ƙasa. Aikina jan sarƙar awo da kafa turakun ƙarfe a inda aka nuna mini. Wanda nake bi wani muhandis ne, wato injiniya, mutumin Wad Madani, sunansa Taha. Ina so ku riƙe wannan: Taha ba mugu ba ne. Tare muke cin abinci a akushi ɗaya, bai taɓa kirana da sunan da wasu ke kiranmu da shi don raini ba. Abin da ya gaya mini shi ma ya yarda da shi.

Wata rana da azahar muna hutawa a gindin wata ƙaya, na tambaye shi yadda yake sanin inda titi zai bi alhali wurin duk ciyawa ce. Ya ji daɗin tambayar. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya yi ɗigo, ya kewaye shi da zobe, ya ƙara wani zoben a waje, ya ƙara wani. Ya ce malaman da suka koyar da shi sun nazarci manyan birane sun ga ba da ka suke girma ba. Tsakiya kasuwa ce da ofisoshi, nan ƙasa ta fi tsada. Idan tsakiya ta cika sai ta ture na kusa da ita, shi ma ya ture na bayansa, haka har bakin gari. Sai ya goge wannan ya zana wani kamar an yanka kankana, ya ce wasu malaman kuma sun ce gari hanya yake bi: ɗakunan ajiya da maƙera su bi layin dogo, manyan mutane su bi bakin ruwa da inda iska mai daɗi take, kowane yanki ya miƙe ta fuskarsa. Ya ce Damazin irin ta biyun za ta yi. Na zauna ina kallon ƙasar nan kamar an buɗe mini wata ƙofa. Ina ganin na san abin da duk tungarmu babu wanda ya sani.

Bayan kwana kaɗan ya aike ni in ɗauko harita a ofis, wato taswirar garin da za a gina. Na shimfiɗa masa a kan mota, na bi Bahar da yatsa har na zo kwanar da tudunmu yake. Babu tunga a wurin, babu masallaci, babu maƙabarta. Layuka ne a miƙe da manyan filaye, an rubuta a kai: gidaje, daraja ta ɗaya. A tsarin hukuma filin gida daraja uku ne, ta ɗaya ta manyan ma'aikata da attajirai, dole a gina ta da jan bulo.

Na ce, “Ustaz, nan fa garinmu ne.”

Ya duba, sannan ya ce, “Na sani, Isiyaku. Na so in gaya maka tun tuni.”

“To ina mu a cikin takardar?”

“Ba kwa ciki. Wanda ya zana ta a Khartum bai san da ku ba. A wurinsa filin hukuma ne.”

Ya ce shekara ɗaya ko biyu za a zo da motar rusau, kuma ya ga yadda ake yi a wasu garuruwa, ba ya so in ga an yi wa iyayena haka. Ya ɗora yatsa a can yamma, bayan layin dogo, inda takardar ta ƙare ta zama fari fat. Ya ce idan muka tashi da kanmu tun yanzu zai yi magana a bar mu mu zauna a can, mu kwashe azararmu da ƙofofinmu a tsanake.

“Gari ba zai je can ba,” in ji shi. “Babu ruwa, babu iska, babu abin da zai ja shi. Arewa zai bi, bakin Bahar. Can za ku zauna har jikokinka ba wanda zai taɓa ku.”

Ban tsaya na tambayi kaina yadda mu za mu rayu a inda gari da kansa ya ƙi ba. Da la'asar na samu Baba a jaraf yana cire ciyawa a cikin albasa. Na tsuguna, na share ƙasa, na zana masa zobba da yankan kankana kamar yadda aka zana mini, har ina gyara murya. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Kai da idonka ka ga takardar?”

Na ce, “Da idona, Baba.”

“Kuma ka tabbata can ba a biyo mu?”

“Na tabbata. Ilimi ne, ba ƙiyasi ba.”

Wannan kalma ita ce ta fi kowace nauyi a cikin abin da na taɓa faɗa a duniya. Baba ya karkaɗe hannunsa ya ce shi bai yi karatun takarda ba, amma ya sa ɗansa ya yi, idan bai yarda da ni ba da wa zai yarda.

Ranar Juma'a bayan salla ya tara magidanta a gindin tsamiya. Kafin mu fita ya ce mini in yi shiru, shi zai yi magana, domin ni ma'aikacin hukuma ne, kada a ce na fitar da sirrin ofis a kore ni. Saboda haka abin da mutane suka ji daga bakinsa kawai suka ji: ya samu labari tabbatacce, tashi ya zama dole, gara mu tashi da mutuncinmu. Mutum ɗaya ne ya ja da shi, Kawu Jibo, ƙanen Inna, masunci mai taurin kai wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Ya ce, “Malam, ban taɓa musa maka ba, amma yau ka yi haƙuri. Nan anka haife ni, nan munka binne Barau. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In hukuma na son tuduna, ta zo ta ɗauke ni da hannunta in gani.”

Baba ya ce, “In sun zo da mota fa, Jibo?”

“Su zo. Ai sai sun dube ni kafin su ture ni. Wanda ya tashi da kansa, wa zai duba?”

Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, ina cewa a raina jahilci ne. Gida tara suka tsaya tare da shi. Sauran duk suka bi Baba, wasunsu suna kuka, amma suka bi, domin shi ne.

Cikin rani muka tashi. Muka kwance jinka, muka cire azara, muka ɗora a jakuna. Inna ta tsaya a kan lemun tsamin da ta dasa shekarar da ta haife ni, ta tsinke 'ya'yan duka har da ɗanyu ta ƙulle a zane. Sabon wurin fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar ƙasa, ta tsattsage har ƙafar akuya na faɗawa. Babu itace ko ɗaya da ya isa inuwa. Ruwa sai na wani hafiri, tafkin da aka haƙa wa shanun makiyaya, ko kuma ka bi mai sayar da ruwan ganga a kan jaki. Jaraf ɗinmu ya koma tafiyar rabin safiya, kuma sai ka ratsa gari. Tsofaffi suka fara bari, masu ƙarfi suka jure damina ɗaya, daga baya wasu suka shige wurin, ba mu da bakin magana tunda ba ma kusa. Mutanen da suka saba sayar da albasa suka koma dako a tashar jirgi, matansu suna wankau a gidajen ma'aikata. Da damina ta sauka muka gane dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa zama a wurin. Ƙasar ba ta shan ruwa. Ya kwanta a tsakar gida har gwiwa, katangun da muka yi suka jiƙe suka zube, jaki ma ba ya iya fita. A cikin wannan damina gudawa ta shiga yara. Safiya tana da shekara uku, ta fara da safe, na ɗauke ta a kafaɗa washegari ina ratsa laka zuwa asibiti, kafin in kai layin dogo na ji ta yi nauyi. Na juyo da ita. Mahaifiyarku ba ta taɓa ce mini komai a kan wannan ba har ta koma ga Allah, kuma ta san komai, domin a gabanta na yi ta zana zobba a tsakar gida ina yi mata bayani.

Motar rusau ta je Tungar Barau kamar yadda Taha ya faɗa, a shekara ta biyu. Kawu Jibo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci ya zauna, mutanensa suka zauna a bayansa da mata da yara. Direban ya kashe mota. Aka yi ta kai da kawowa wata da watanni, har aka turo kwamiti. Kwamitin ya ce mutanen nan sun riga gari zama, ba za a watsar da su haka ba. Aka rubuta sunan duk magidancin da aka tarar a wurin, aka ba kowannensu fili a daraja ta uku, kusa da kasuwa, da takarda da hatimi, ga famfo a bakin layi. Su ma sun rasa tudun, amma sun shiga cikin gari, kuma har yau jikokinsu suna nan. Da muka ji muka ɗunguma zuwa ofis, Baba a gaba. Magatakardan ya saurare mu sarai, sannan ya ce umarnin da ke hannunsa na waɗanda aka tarar ne, mu kuwa mun tashi da kanmu, ba wanda ya tashe mu. Na nemi Taha. Ya shiga ya fita, ya rubuta takarda, bai samu komai ba. Ya ce mini bai taɓa zaton za a yi kwamiti ba, bai iya haɗa ido da ni ba.

A hanyar dawowa aka fara maganar. Wani ya ce ruwa ba ya tsami banza, yaya Malam ya san da tashin tun kafin kowa, kuma me ya sa ya matsa. Kafin sati ta zama an ba shi kuɗi, kafin wata har an san ko nawa ne. Mutanen da ya ɗaura wa aure suka daina gaishe shi. Aka tsayar da wani ya riƙa jan salla. Na same shi a bukkarsa da hantsi na ce zan tsaya a masallaci in faɗi gaskiya, cewa ni na kawo labarin, ni na rantse masa.

Ya ce, “Ba ka faɗi.”

Na ce, “Baba, suna cin mutuncinka a kan laifina.”

“Ni na tara su, ni na yi magana. Ni na gama zama da mutane, kai yanzu ka fara. In sunka juya maka baya, wa zai auri ɗiyanka? Wa zai ɗauki gawarka? Ban yafe ba in ka buɗe baki ina raye.”

Na yi masa biyayya, kuma ba zan ɓoye muku ba, biyayyar ta zo mini da sauƙi. Na ji sanyi a raina da ya hana ni. Ya rayu shekara huɗu bayan haka, yawanci a zaune a ƙofar bukka yana kallon fili. Da ya rasu sahu biyu ne a jana'izarsa, rabinsu mutanen Kawu Jibo ne da suka tako daga gari. Hanin da ya yi mini ya ƙare ranar da muka binne shi. Ban faɗa ba a ranar, ban faɗa ba a sadakar bakwai. Daga nan shirun nawa ne ni kaɗai, ba na Baba ba.

Garin kuma bai bi takardar ba. Aka buɗe manyan gonakin tarakta a yamma, dawa da riɗi suka riƙa shigowa a lori ta hanyar da ta bi ta gefenmu. Aka kafa kasuwar amfanin gona a nan, masu gyaran tarakta suka biyo, masu walda, masu shayi, masu ɗakunan ajiya. Kafin mu farga gari ya yi wata sabuwar cibiya a ƙofar gidajenmu, ƙasar da ba mai so ta zama abin rububi. An riga an mayar da Taha Wad Madani. Sabon muhandis ya shimfiɗa sabuwar harita, na ga wurinmu an rubuta masa unguwar masana'antu. Na gaya masa abin da aka ce mana, cewa gari ba zai zo nan ba. Ya yi murmushi ya ce ai akwai bayani na uku a littafin, gari yakan yi cibiya fiye da ɗaya, wataƙila wancan bai kai nan a karatu ba. Ya miƙo mini turaku. Na ajiye su a kan motar, na tafi gida, ban sake komawa aikin ba. Wannan karon na bi gida gida ina cewa kada kowa ya motsa, mu yi irin ta Jibo. Suka saurare ni don kunya, amma ɗan Malam Sani ne ke magana. Wasu suka tafi Jazira cirar auduga ba su dawo ba, wasu suka nufi Sinja. 'Yan kaɗan da muka tsaya ba a turo mana kwamiti ba. An ce mu baƙi ne a wurin, shekara nawa muka yi. Da motar rusau ta zo, ba ta kashe inji ba. Maƙabartar da Baba da Safiya suke, na roƙa aka ce za a kewaye ta. Shekara biyu kawai ta yi a kewaye.

Aka zubar da mu a nan inda kuka girma, gaba da tashar lori. Na ce wannan karon zan yi wa Inna ɗaki na ƙasa mai kyau, domin ta tsufa, sanyin damina yana shiga ƙashinta. Na auna, na soma haƙa tushe. Ta fito tana dogara sanda ta tsaya a kaina.

Ta ce, “Isiyaku, mi kake yi?”

Na ce, “Ɗaki zan gina miki, Inna.”

Ta ce, “Mayar da ƙasar. Yi mini na kara. In an zo tashinmu, ya fi sauƙin ɗauka.”

Na ce mata ba za a sake ba. Ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, “Haka ka ce wa ubanka.”

Ban san ta sani ba sai ranar. Na mayar da ƙasar, na yi mata bukkar kara. Shekara shida ta yi a ciki, tukwanenta a cikin buhu, tufafinta a ƙulle a zane a gefen gado, kullum da safe ta ciro abin da za ta yi amfani da shi, da yamma ta mayar. Ranar da ta rasu matan da suka zo haɗa kayanta ba su sami abin haɗawa ba.